Haƙorin da Ya Yi Tsawo

Fiye da shekara talatin ina saye da sayar da bisashe a kasuwar Dakoro da na kewaye, daga Birnin Lalle har Badar Gula, kuma ban taɓa sayen rago ko sa ba tare da na sa yatsa na ɗaga leɓensa ba. Mai dabba yana iya wanke ta, ya ba ta kanwa ta sha ruwa cikinta ya tashi, ya fere mata ƙaho. Bakin ne ba ya iya gyarawa. Haƙora su gaya maka shekarunta. Dasashi kuwa, naman nan da ke riƙe da haƙora, shi ke gaya maka lafiyarta. In ya yi fari, jini ya ƙare. In ya ja da baya har haƙori ya yi tsawo, ko dai tsufa ne ko wani ciwo na cin ta a ɓoye.

Tsohon da na fara bi kasuwa abu biyu ya koya mini. Na farko in duba. Na biyu in yi shiru. In ka ga aibi a jikin dabba, kada fuskarka ta nuna ka gani. In kai ke saye, ka rage tayi ba tare da ka faɗi dalili ba. In cinikin wani ne, ka wuce, ba ka ɓata wa mutum kasuwa. Na riƙe abin nan biyu, da su na gina gida na aurar da 'ya'ya. Na biyun ne ya kusa jawo wa matata asara.

Hajiya Bafillata ce, daga wajen Rumbu na auro ta. Tun tana budurwa aka yi mata baƙin dasashi, irin na matan rugarsu. Ta gaya mini wata gwaggonta ce ta kwantar da kanta a kan cinya, ta ɗaure ƙayoyi wuri ɗaya ta yi ta tsattsaga naman, tana shafa baƙin ƙonanniyar gyaɗa, ita kuwa ba ta da izinin ko da nishi, don sa'o'inta na tsaye suna kallo. Da ya warke sai dasashin ya zama baƙi wuluk, haƙoran suka ƙara haske a kansa. Ni dai abin da na fara gani a wurinta ke nan, ranar da ta yi mini dariya a bakin rijiya don na tambayi kuɗin wata karsana da ba ta sayarwa ba ce.

Ragona ne ya karya mata haƙori. Wani balami ne da na turke a gida ina kiwo don layya. Ta sunkuya tana zuba masa dusa, shi kuma ya ɗaga kai da ƙarfi, ya same ta a baki. Haƙorin gaba na sama, na hannun dama, ya karye tun daga tushe. A asibiti suka cire abin da ya rage.

Ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Abin da ta yi kawai, ta koyi jan gefen mayafi ta rufe baki. In za ta yi magana da baƙo sai ta sunkuyar da kai. In abin dariya ya zo sai ta haɗiye shi, ka ga kafaɗunta kawai suna motsi. Na kai ta Maraɗi aka yi mata na roba, wanda ake sawa a cire. Wannan bai zauna ba. Yana motsi in tana magana, sai ta cire shi kafin ta ci tuwo. Ranar sunan wani jikanmu ya zame mata a tsakiyar gaisuwa, ta tare shi da harshe a gaban mata. Daga ranar ta daina zuwa taro. Shekara huɗu muka yi a haka.

Ɗiyarmu ta biyu, wadda ke aikin jinya a Yamai, ita ta kawo maganar dashe. Ta ce akwai masu kafa ƙusa ta ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, su ɗora haƙori a kai, ya zauna daram. Hajiya ta ce ita ba ƙofa ba ce da za a buga mata ƙusa. Na bar maganar ta kwana biyu, na fitar da shanu daga garke na sayar, sannan na ce mata ta shirya, na riga na kama mana wuri a mota.

Likitar haƙoran mace ce, Bazabarmiya, ba ta kai ɗiyarmu ta fari shekaru ba. Tana ganin tsagen fuskata ta ajiye abin rubutunta.

"A'a, Bagobiri ne? Yau bawana ya kawo mini aiki. Hajiya, yaya aka yi kika yarda da wanga?"

"Ƙaddara," in ji Hajiya daga bayan mayafi.

Na ce, "Madam, ki yi aikinki da kyau. In kin ɓata, Dakoro zan tafi da ke ki yi mini dakan hura."

Wasan nan na taubasai ne ya sa Hajiya ta saki jiki ta buɗe baki. Likita ta ɗauki radiyo, hoton ƙashi ke nan, ta ce ƙashin zai riƙe. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce haƙorin da Allah ya halitta ɗinke yake da dasashi da wasu siraran zare, kuma yana da jijiya, in abu ya taɓa shi za ka ji. Na dashe ba shi da ko ɗaya. Naman rungumarsa kawai yake yi, kamar wuyan riga. In datti ya shiga tsakani, ba abin da zai tare shi sosai, kuma ba lalle ya yi zafi ba.

Na ce, "Wato wancan itace ne mai saiwa, wannan turke ne."

Ta ce, "Ashe Gobirawa na da kai."

Na gane abin da take nufi sarai. Na sha ganin turke a tsakar gida, ruwan sama na zaizaye ƙasar gindinsa kaɗan kaɗan, yana tsaye kamar ba komai, sai ranar da sa ya fizga ya taho da shi.

Sau uku muka je Yamai. Zuwan farko aka kafa ƙusar aka ɗinke nama a kai. Bayan watanni aka buɗe aka sa wani ɗan murfi, don naman ya kewaye shi ya yi zobe. Zuwa na uku aka ɗora haƙorin. Da za mu tafi likita ta ba Hajiya buroshi mai laushi, ta rubuta mana randebu, ranar komawa ke nan, na wata shida a takarda, ta ce in dasashin ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana jini, kada mu jira ranar. Daga cikin ukun nan, ja ne ya zauna mana a kai. Shi ne mai sauƙin riƙewa.

Watannin farko Hajiya ta yi su da madubi a hannu. Ni ba ta nuna mini ba, amma ina jin abin da take gaya wa ɗiyarta a waya. Da fari naman ya ɗan tasa, daga baya ya kwanta. Akwai wani ɗan rami da ya rage tsakanin sabon haƙorin da na kusa da shi, inda iska ke shiga in ta ce "sannu", wannan ya dame ta ƙwarai. A hankali nama ya sauko ya cike shi. Ranar da ta tabbata ya cike, ta dafa shinkafa da zabuwa ba tare da wani dalili ba. Mayafi ya koma kafaɗa. Ta koma zuwa biki da suna, ta koma tsayawa a bakin ƙofa tana ciniki da masu tallan nono da Fillanci, tana dariya har ana ganin baƙin dasashin nan daga nesa.

Randebun ya faɗo daidai lokacin layya, lokacin da dillali ba ya da ranar kansa. Na ce bari Salla ta wuce. Salla ta wuce, ruwa ya sauka, aka shiga shuka. Haƙori lafiya lau, ba ciwo, ba motsi. Takardar ta zauna a cikin aljihun wata riga.

Ita kuwa Hajiya ta ɗauki maganar tsabta da gaske, amma irin tata. Buroshin likita ta ce wannan na jarirai ne, ba ya fitar da komai, ta ba jika. Ta koma ga asuwaki. Duk alwala sai ta goge haƙorin nan, sau biyar a yini, kuma shi take fi ba ƙarfi don shi ne mai tsada. Ranar Juma'a ta ƙara da garin gawayi da gishiri. Da ya fara jini, sai ta yi abin da uwarta ke yi, ta jiƙa bagaruwa tana kurkure baki. Bagaruwa kuwa tana ɗaure nama, jinin ya tsaya na yini ɗaya ko biyu. Ta duba madubi, ba ja. Ina ja zai fito a naman da aka rina baƙi shekara arba'in da suka wuce?

Na ga abin tun gero bai kai gwiwa ba. Wata safiya ce, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta faɗi wata magana, Hajiya ta tuntsire da dariya, rana na dukan fuskarta. Idona ya yi abin da ya saba. Sabon haƙorin ya fi ɗan'uwansa tsawo. Ba da yawa ba, kamar ƙwayar gero ɗaya. Wani ba zai lura ba. Ni da wannan nake ci.

Na gani, fuskata ba ta nuna ba. Na shanye kununa na tafi kasuwa.

Na sha tambayar kaina dalili. Akwai kunya, gaskiya ne. Shekarunmu kusan arba'in da aure, ban taɓa cewa ta buɗe baki in duba ba, kuma Bafillata ba ta buɗe wa miji baki haka kawai. Akwai kuma tsoro. Shekara huɗu na yi ina kallon gefen mayafi, ban so in zama wanda zai mayar da shi. Amma in na faɗi gaskiya, mafi yawa sabo ne. Na saba in ga aibi in ajiye shi a ciki, in jira lokacin da zai yi mini amfani. A nan kuwa ba wani amfani da zai zo. Kullum da safe ina aunawa da ido. Ƙwayar gero ta zama ta dawa. Wajen lokacin da gero ke fitar da kai, wani siririn layi mai launin toka ya bayyana a saman haƙorin, inda ƙarfen ya fara leƙowa. Na ga ja a bakin asuwakin da ta jefar a gindin randa. Na sa ƙafa na tura shi cikin ƙasa, kamar ni ne mai abin ɓoyewa.

Masara ce ta tona mu. An kawo sabuwa daga fadama, ta gasa mana da hantsi, muna zaune a inuwar zaure ta ciki. Ta gatsa sau ɗaya ta dakata. Na ga jini a jikin masarar. Ta juya wajen jinin ya koma cikin tafin hannunta, a hankali, tana kallon kaji. Sai ta ɗago ta ga ina kallon hannun. A nan na gane ita ma ta daɗe da sani.

Na ce, "Hajiya, buɗe bakinki in gani."

"Ni tunkiya ce?"

"Da tunkiya ce da tun watan jiya na duba."

"To je ka duba tumakinka."

"Su lafiyarsu lau. Matso nan wajen haske."

Ta ce, "Alhaji, yara na iya shigowa."

Na tashi na sa wa ƙofar zaure sakata. Na wanke hannu da sabulu har sau biyu, abin da ban taɓa yi wa wata dabba ba. Na durƙusa a gabanta, gwiwoyina suna ƙara. Ta rufe ido gam, kamar yadda na tabbata ta rufe su a kan cinyar gwaggonta. Na sa babban yatsa na ɗaga leɓen.

Baƙi ne kamar kullum. Amma a kan sauran haƙoran naman a kwance yake, a ɗame, da ɗan gurza-gurza kamar bawon lemo. A kan na dashen ya kumbura, ya yi sumul yana ƙyalli, gefensa ya janye sama ya bar ƙarfe a fili. Na danna kaɗan. Jini ya fito, da wani ɗan ruwa fari a bayansa. Na kama haƙorin da yatsa biyu na gwada. Bai motsa ba. Na yi hamdala a zuci.

"Da zafi?"

Ta girgiza kai, yatsana na bakinta.

Da na sake ta, ta goge baki da gefen zane. Ta ce, "Cire shi za su yi, ko?"

"Ban sani ba."

"Shanunka fa ka sayar."

"Shanun ba su tambaye ki ba. Tun yaushe yake jini?"

"Tun shuka."

"Ni ma tun shuka na gani."

Ta dube ni da kyau. "Ka gani ka yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Dillalin banza," in ji ta, a hankali, ba da faɗa ba. Ta miƙo mini sauran masarar.

Kwana biyu bayan nan muna Yamai. Wannan karon likita ba ta fara da wasa ba. Ta sa wani siririn ƙarfe mai ma'auni a tsakanin nama da haƙori, na ga ya nutse fiye da yadda na so. Ta sake ɗaukar radiyo, ta liƙa sabon kusa da tsohon. Ko ni da ban yi lakwal ta boko ba na ga bambanci. A tsohon, ƙashi ya rufe ƙusar har wuya. A sabon, zare ɗaya ko biyu na ƙusar, wadda irin ta murɗawa ce, sun fito sarari.

Ta ce abu biyu ne suka haɗu. Asuwaki da gawayi sun kankare naman daga waje, shi kuwa dama siriri ne a wurin. Datti kuma ya taru a ƙarƙashinsa, inda asuwaki ba ya kaiwa, ya kumbura shi daga ciki har ya fara taɓa ƙashi. Ƙashin da ya tafi ba zai dawo ba. Amma ƙusar na nan da ƙarfinta.

Hajiya ta ce, "Madam, za ki cire?"

"Yau dai a'a. In kin bi abin da na ce, ina sa ran ba za mu kai can ba. Da kun bari sai bayan girbi, da wata magana muke yi." Ta juyo gare ni. "Kai, wa ya fara gani?"

Na gaya mata.

"Wata nawa?"

Na gaya mata wannan ma.

"Wata uku kana kallo! Mi kake jira, farashi ya sauka?"

Sai kuma ta sassauta. Ta ce akwai nata a ciki. Ta saba gaya wa kowa ya lura da ja, ta manta cewa a bakin Hajiya ja ba zai nuna ba, da sai ta ce mu lura da kumburi da tsawon haƙori.

Ta kwance haƙorin daga kan ƙusar, ta wanke wurin, ta mayar da shi, ta ba da ordinans, takardar sayen magani, na maganin kurkure baki da na sha. Ta hana asuwaki da gawayi a wurin, ta ba da wani buroshi mai laushi da wani ɗan ƙarami mai shiga tsakanin haƙora. Muka zauna wurin ɗiyarmu har kumburin ya sauka. Da ya sauka, naman ya ƙara janyewa, ƙarfen ya fito sosai. Likita ta ce haka yake yi, dama kumburi ne ya cike wurin. Bayan wasu makonni ta yanko ɗan nama daga ganɗar Hajiya, ta ɗinka shi a saman haƙorin don ya yi kauri ya rufe ƙarfen. Ganɗar ta fi wurin dashen ciwo. Sati biyu kunu da nono kawai take sha.

Naman ya kama. Sai dai naman ganɗa ba a taɓa rina shi ba. Da ya warke, sai ga wani ɗan fili mai haske, kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa, a tsakiyar baƙin dasashin, daidai inda ake gani in ta yi dariya.

Kafin mu baro Yamai likita ta ba ni aiki. Ta ce tunda idona ya iya, duk sati in duba, in kuma na sake yin shiru za ta zo Dakoro da kanta ta kwashe mini garke. Safiyar Juma'a muka zaɓa, bayan ta gama shara. Har yanzu sai na sa sakata, har yanzu sai ta rufe ido.

Bayan girbi yayarta ta zo daga Rumbu ganin jiki. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ita ta gaji aikin gwaggonsu. Ta kama haɓar Hajiya ta juya ta wajen rana, ta daɗe tana kallo.

"Wanga mi ne? Sun yi miki faci kamar tsohuwar ƙwarya."

"Haka suka yi."

"Ki samo mini gyaɗa in ƙona. Ƙaya na cikin jakata. Kafin la'asar na daidaita miki shi, ba wanda zai san an taɓa."

Ina zaune a gefe ina gyaran igiya. Likita ta riga ta ce kada ƙaya ko allura ta kusanci wurin. Na buɗe baki zan faɗa, don na yi wa kaina alkawarin na daina shiru, amma Hajiya ta riga ni.

"Bar shi, Adda."

"Ki bar shi? Ki yi ta yawo da baki kala biyu?"

"Nan ne kawai in ya yi ja za a gani."

Yayar ta saki haɓar, ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ka koya mata wanga?"

Na ce ni igiya nake gyarawa.

Ta yi tsaki ta mayar da jakarta ƙarƙashin gado. Ta ƙara kwana huɗu a gidan, kullum sai ta sake tayar da maganar, kullum Hajiya ta ce a bar shi. Ranar da za ta koma, na kai ta tasha, ta ce in gaya wa ƙanwarta ƙayar na nan in ta canza ra'ayi.

Damina uku ke nan. Haƙorin bai koma daidai da ɗan'uwansa ba, ya fi shi tsawo kaɗan, kuma haka zai zauna. Randebu ba mu sake tsallakewa ba, ko ya faɗo ranar jajibirin Salla. Likita ba ta taɓa ce mana an gama ba, sai dai ta auna, ta rubuta, ta ce mu dawo. Juma'ar da ta wuce na duba, naman a kwance yake, a ɗame, ba jini. Na gaya mata haka kafin ta buɗe ido.